Kulle Mai Ƙarfi, Mabuɗi Mai Rauni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, fatake da yawa na Tambuwal da Kebbe sun mayar da littafin bashinsu cikin wayar hannu da kwamfuta, malamai kuma suna ajiye takardun rabon gado a ciki. To, ya kamata a san irin kullen da ke tsare wannan amana.

Ɓoye rubutu tsohon ilmi ne. Tun ƙarni na 9 Alkindi ya wallafa littafi a Bagadaza kan warware ɓoyayyen rubutu ta ƙirga haruffa. A 2001 hukumar Amurka ta tsai da wani kulle mai suna AES, wanda ke hautsina rubutu har ba mai karanta shi sai mai mabuɗi. A 2010 kamfanin Intel ya gina aikin kullen nan cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kanta, watau kullewa da buɗewa suka zama kamar ƙiftawar ido.

Amma fa saurin na'ura bai san mai kaya ba, bai san ɓarawo ba. Gama mabuɗin daga kalmar sirri ake tatso shi, kuma wanda ya kwafe takardar ba zai fasa kullen ba, sai ya sa na'ura ta yi ta cankar kalma. Lamba 4 ba ta wuce canka 10,000 ba. Ayoyin Alƙur'ani sun ɗara 6,000 kaɗan, na'ura tana gwada su duka nan take, saboda haka aya ba ta zama mabuɗi, balle sunan ɗa ko na gari.

Don haka masana suka shirya a riƙa jujjuya kalmar da gangan kafin mabuɗi ya fito. Dabarar Argon2, wadda ta ci gasa a 2015, haka take. Mai kaya ya jira daƙiƙa ɗaya, ɓarawo kuwa ya biya wannan jira a kowace canka.

Abin yi shi ne a haɗa kalmomi 6 ko 7 waɗanda ba su da dangantaka. Kāna a rubuta su a takarda, a damƙa wa amintacce tare da wasiyya, gama in mai ita ya rasu ba wanda ya san ta, haƙƙin magada da na masu bin bashi ya kulle ke nan. Allah Ya ba da ikon riƙon amana, amin.