Neman Asali: Abin da Alex Haley Ya Tarar a Kundin Ƙidayar 1870

Yau da 'yar jarrabawa za mu fara, kuma ba ta buƙatar biro ko takarda. Faɗi sunan mahaifinka. Faɗi na kakanka. To, na mahaifin kakan fa? A nan yawancinmu muke fara sosa ƙeya. In kuwa aka juya ta ɓangaren mata, aka ce a kawo sunan wadda ta haifi kakarka ta wajen uwa, sai aji ya yi tsit. Kowannenmu yana da iyaye biyu, kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas, da wasu goma sha shida a bayansu. Mutum talatin ke nan cikin hawa huɗu kacal, kuma da wuya a sami ɗalibin da zai kawo sunan goma daga ciki.

Akwai wani marubuci baƙar fata ɗan Amurka, Alex Haley, wanda ya ɗauki wannan tambaya da zafi har ta ci masa kusan shekara goma sha biyu. An haife shi a 1921, ya yi ƙuruciyarsa a wani ƙaramin gari mai suna Henning a jihar Tennessee. Da yamma kakarsa Cynthia da 'yan'uwanta mata sukan zauna a barandar gida suna hirar mutanen da. Sukan ambaci mahaifinsu Tom, wanda maƙeri ne, da kakansu George, gwanin horar da zakarun faɗa, da mahaifiyar George mai suna Kizzy. Can ƙarshen jerin kuma akwai wanda suke kira mutumin Afirka, wanda suka ce an kama shi ne ya fita saro itacen da zai yi ganga. Ubangidansa ya sa masa suna Toby, shi kuwa ya dage cewa sunansa Kinte. Har wasu 'yan kalmomi na harshensa sun tsira a bakin tsofaffin, ciki har da sunan wani kogi, Kambi Bolongo.

Haley ya girma, ya yi shekara ashirin a rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka, ya zama marubuci. Shi ne ya rubuta tarihin rayuwar Malcolm X da ya fito a 1965. Wajen tsakiyar shekarun 1960 ya shiga ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke birnin Washington, ya nemi a ba shi kundin ƙidayar 1870 na gundumar Alamance a jihar North Carolina, inda ya ji tsofaffi suna cewa danginsu sun zauna. A lokacin an riga an ɗauki hoton shafukan kundin a kan wani siririn fim da ake naɗewa, mai bincike ya saka a na'ura yana murzawa, shafi na bin shafi. Ya daɗe yana murzawa kafin ya ci karo da sunan Tom Murray, maƙeri, da matarsa Irene, da jerin 'ya'yansu. Cikinsu akwai Elizabeth 'yar shekara shida, wadda shi ya san ta tsohuwa tukuf a barandar nan ta Henning. Sunan kakarsa Cynthia bai fito ba, saboda a shekarar ba a haife ta ba tukuna.

Me ya sa 1870 ya nema, ba wata shekara ba? A nan ne darasin tarihin yake. Amurka tana ƙidayar jama'arta duk bayan shekara goma tun daga 1790. A ƙidayoyin farko sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida sai a sa adadinsu. Daga 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa mai 'yanci, babba da yaro. Bayi kuwa, a 1850 da 1860 takarda daban aka ware musu. A rubuta sunan mai su, sannan a ƙarƙashinsa a jera: namiji ko mace, shekara kaza, launin fata kaza. Babu suna. A 1860 mutum kusan miliyan huɗu ne aka lissafa ta wannan hanya, kamar yadda ake lissafa dabbobin garke. Sai bayan yaƙin basasa, da aka haramta bauta a 1865, ƙidayar 1870 ta zama ta farko da ta rubuta waɗannan mutane da sunayensu. Shi ya sa har gobe baƙaƙen fatan Amurka masu neman asalinsu suke ɗaukar 1870 tamkar katanga. Daga ita zuwa yau hanya a buɗe take. Daga ita zuwa baya, sai an bi ta takardun masu bayin: wasiyyarsu, takardar rabon gadonsu, da takardun cinikin da suka yi.

Wani abin lura shi ne doka ta hana a buɗe wa jama'a sunayen da ke cikin ƙidayar Amurka sai ta cika shekara 72, don kare sirrin masu rai. Ta 1950 sai a watan Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ta 1890 kuma gobara ta lalata mafi yawanta a 1921, don haka akwai giɓin shekara ashirin da masu bincike suke tsallakawa da ƙyar.

Haley bai tsaya a katangar ba. Ya kai kalmomin nan wurin masana, ciki har da Jan Vansina, masanin tarihin baka na Afirka, aka nuna masa cewa sun yi kama da harshen Mandinka, kogin kuma wataƙila kogin Gambiya ne. A 1967 ya je Gambiya, aka kai shi ƙauyen Juffure, inda wani dattijo mai suna Kebba Kanji Fofana ya jero masa tarihin zuriyar Kinte, har ya kawo kan wani saurayi Kunta da ya fita saran itace bai dawo ba. Daga nan Haley ya bi takardun jiragen ruwa, ya gano wani jirgin bayi mai suna Lord Ligonier da ya taso daga kogin Gambiya ya isa Annapolis a jihar Maryland ranar 29 ga Satumba, 1767, da bayi 98 da suka kai da rai. Ya haɗa wannan duka ya rubuta littafinsa Roots, wanda ya fito a 1976. Shekarar da ta biyo aka mai da shi wasan talabijin, miliyoyin mutane suka kalla, kuma ma'adanar takardu ta cika da masu neman kakanninsu. A 2011 gwamnatin Gambiya ta sauya wa tsibirin James suna zuwa tsibirin Kunta Kinte.

Da labarin a nan ya ƙare, da ya yi daɗi. Amma masana sun bi sawunsa, kuma abin da suka gano ya fi labarin kansa amfani ga ɗalibi. Masanin tarihi Donald Wright ya bincika ya nuna cewa Fofana ba ya cikin horarrun maroƙan Mandinka masu riƙe tarihin zuriya. Ga shi kuma Haley ya riga ya ba mutane labarinsa a Gambiya kafin a kai shi ƙauyen, don haka ba mamaki abin da ya faɗa ne ya zagayo ya dawo masa. Takardun jirgin ba su ɗauke da sunan bawa ko ɗaya, saboda haka babu abin da ya tabbatar Kunta yana ciki. A 1981 wasu masana biyu, Gary Mills da Elizabeth Shown Mills, suka duba takardun gidan Waller na jihar Virginia, gidan da aka ce sun mallaki Toby. Sun tarar da bawa mai suna Toby kuwa, amma sunansa ya bayyana tun 1762, shekara biyar kafin jirgin ya iso. Mutum ba ya zama a Virginia kafin jirgin da ya kawo shi ya taso. Haley da kansa ya yarda cewa littafin gauraye ne na gaskiya da ƙirƙira.

A ganinmu wannan bai zubar da darajar aikinsa gaba ɗaya ba. Tom maƙeri da iyalinsa suna nan a kundin 1870, kowa na iya zuwa ya gani. Inda ƙafarsa ta zame shi ne inda ya ƙagu ya ga labarin ya haɗu, ya ga suna ya yi daidai da wanda yake nema, ya ce shi ne. Ya kuma faɗi abin da yake so ya ji kafin ya yi tambaya.

Waɗannan ramuka biyu suna nan suna jiran duk wanda zai yi irin wannan aiki a ƙasar Hausa, wataƙila ma sun fi zurfi. A gida ɗaya za ka sami Muhammadu uku da A'ishatu huɗu. Yaron da aka sa wa sunan kakansa sai a riƙa kiransa Abba ko Baba, har sunan yanka ya ɓace. Wata tsohuwa duk gari sun san ta da Ladi ko Talatu, alhali wannan ranar haihuwarta ce kawai. Kakarka saboda alkunya ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, sai ka nemi wani ya faɗa maka. Ba mu kuma da sunan dangi guda da ake gada daga kaka zuwa jika kamar Turawa. Kowa sunan mahaifinsa yake jinginawa, wasu kuma na garinsu, kamar Malam Aminu Kano, da Sa'adu Zungur, da Shehu Shagari. Don haka kada a rubuta suna shi kaɗai. A haɗa da laƙabi, sana'a, unguwa, da sunan wanda ya haife shi.

Kada kuma ku sa ran samun kundi irin na Alamance. An yi ƙidaya a Nijeriya zamanin Turawa a 1911, 1921, 1931, da 1952 zuwa 1953, amma na farkon a Arewa sun dogara ne ƙwarai kan lissafin masu biyan haraji da kintace, kuma abin da aka wallafa adadi ne, ba sunaye ba. Abin da ya fi kusa da biyan buƙata shi ne rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta lokacin da suke zagaya gundumomi don yanka haraji. A ciki sukan kawo tarihin gari, jerin dagatai da hakimai, sana'o'in mutane, da inda suka ce sun taso. Da yawansu suna ajiye a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Akwai kuma Arewa House a Kadunan, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Takardun kotunan alƙalai ma taska ne, musamman na rabon gado, domin alƙali ba ya raba gado sai an lissafa magada da sunayensu.

Amma ɗalibin sakandare ba daga Kaduna zai fara ba. Daga ɗakin kakarsa zai fara, da littafin rubutu, ko waya in an ba shi izinin naɗar murya. Ku fara da kanku ku yi baya hawa-hawa, kada ku fara da wani mashahurin sarki ko malami ku ce sai kun jawo zare ya iso gidanku. Ku tambayi tsofaffi biyu ko uku, kowa shi kaɗai, kuma kada ku gaya wa na biyu abin da na farko ya ce. Inda bakinsu ya zo ɗaya, an sami abin riƙewa. Inda suka saɓa, a rubuta duka biyun, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.

Tsofaffinmu ba sa ƙirga shekaru da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, kuma wannan ya isa a yi lissafi. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, an sami 'yancin kai a 1960, an koma tuƙi a hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973. In Kaka ta ce tana goyon Kawu aka canza kuɗi, kun san shekarunsa ke nan. A gidajen malamai a duba bangon tsofaffin littattafai, domin wasu sukan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa a nan da shekarar Hijira. Don a mai da ita ta Miladiyya, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Misali, 1350 za ta ba da wajen 1931.

Saura magana ɗaya da ba a cika son taɓawa ba. Bauta ba a Amurka kaɗai aka yi ta ba, an yi ta a nan ma. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga lokacin ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya ba sai 1936, kuma takardun kotuna na wancan zamani suna ɗauke da sunayen mutanen da suka fanshi kansu. Wani in ya tona zai tarar da basarake, wani fatake da suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja neman goro, wani dangi a Sudan da suka tafi aikin hajji a ƙafa ba su dawo ba, wani kuma kakan da ya yi aikin murgu har ya biya kuɗin 'yancinsa. In tsoho ya yi shiru a kan wata tambaya, kada a matsa masa, a bar gurbin a buɗe a wuce. Abin da kuma aka ji game da gidan wani, ba a kawo shi filin makaranta a yi gori da shi.

Aikin wannan hutu: a sami babbar takarda, a zana gurabe talatin, a cike wanda aka tabbatar da biro, wanda ake kokwanto da fensir. A fara da wanda ya fi kowa tsufa a dangi.