'Yar tsanar gida: nauyin mai yi da na mai saye

Uwargida, a Hotoro da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi ba a rasa gidan da ake ɗinka 'yar tsana ko a haɗa motar gwangwani, yara su fita da su talla. Sana'a ce ta rufin asiri, kuma ba na cikin masu cewa a daina ta. Sai dai a ganina nauyin da ke kan babban kamfani yana kan mai yi a ɗakinta, domin duk abin da jariri ya riƙa, baki yake kai shi.

Fenti ya fi damuna. Ragowar fentin gida ko na mota da ake sayowa a gwangwanin da ba rubutu yana iya ƙunsar dalma, kuma ido ba ya ganinta. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana jawo ƙarancin jini. Idan mai juna biyu ce ke yin fentin, gubar tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da ke ciki. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. A 2007 kuma kamfanin Mattel na Amurka ya janye ɗimbin kayan wasa daga kasuwa saboda dalma a fenti. Kamfani mai ɗakin gwaji ke nan, ina ga wadda ta sayo fenti a bakin titi?

Sai idanun 'yar tsana. Maɓalli da tsakiya suna ɓallewa su shaƙe yaro. Duk abin da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba, a nisanta shi da ɗan ƙasa da shekara 3. Mai ɗinki ta yi idon da zare. Ke mai saye ki ja shi da ƙarfi, ki shafa bakin gwangwani, kafin ki biya.

Doka ma ba ta ware sana'ar gida ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ɗora alhakin cutarwa a kan wanda ya yi kaya mai aibu, hukumar SON kuma ita ke duba ingancin abin da ake ƙerawa a Najeriya. “Ai a gida na yi” ba hujja ba ce.

Wasu har ƙaramin batir mai kama da maɓalli suke saƙalawa don wuta ta kama. Idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙoshi cikin awa 2. Kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai. A garzaya da shi sashen taimakon gaggawa na yara, a zo da abin wasan likita ya gani.