Ba kullum ne laifin netwok ba

Duk wanda ya taɓa zama kan benci a shagon kwamfuta a Malam Madori, yana jiran a buga masa takardar sakamakon JAMB, ya san amsar da ake bayarwa: "Netwok ne, a ɗan yi haƙuri." Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa sabis lafiya lau yake, rigimar tana kan teburin mai shago.

Da ciniki ya buɗe, mai shago yakan ƙaro rauta ta biyu saboda ɗakin baya. To, kowace rauta daga kamfani take zuwa a shirye ta raba wa na'urori adireshin IP da kanta, abin da masu gyara ke kira DHCP. Sai a wayi gari da masu unguwa biyu a unguwa ɗaya, kowa na raba lambar gida. Wasu rautocin ma lamba ɗaya suke fitowa da ita, 192.168.0.1. Da an ɗauke wuta an tada janareta, komai ya sake tashi, firintar da jiya take 192.168.0.104 ta koma wata lamba, kwamfuta kuwa na can tana ƙwanƙwasa tsohon gida. Yaron shago ya kashe, ya kunna, ya hure kan waya. Layi na ƙara tsawo.

Maganin bai kai aikin awa guda ba. Rauta ɗaya kaɗai za a bari ta yi rabo, daga 100 zuwa 200 misali. Ta biyu a kashe mata DHCP, a ba ta 192.168.0.2, a soka wayarta a ramin LAN, ba na WAN ba. Firinta ta zauna a 10, kyamarar tsaro a 20, kowa da lambarsa ta dindindin. Gurabe 254 ne a wannan tsari, sun fi ƙarfin kowane shago a garin. Kuma ba a sayensu: tun 1994 aka keɓe jerin 192.168 domin amfanin cikin gida. Adireshin dindindin da kamfanin waya ke sayarwa wani abu ne daban, mai buga takardu bai buƙace shi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, mai gyaran da aka ɗauko daga Haɗeja yakan yi aikin daidai, amma ya tafi da lambobin a kansa. Ranar da aka sauya firinta, sai an sake kiransa, a biya kuɗin mota da na aiki. Ba lallai mugunta ba ce, sabo ne, kuma sabon da ya kamata malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman su raba ɗalibansu da shi tun kafin su fito.

Masu shaguna da ofisoshin Malam Madori, kada ku sallami mai gyara sai ya rubuta sunan kowace na'ura da lambarta a takarda, an manna ta a bango kusa da rauta.