Abin Kiɗan Da Ba A Taɓawa

Mu da muka tashi muna jin goge da kalangu da algaita, mun san kowane abin kiɗa sai an kai masa hannu: ko a goga, ko a kaɗa, ko a busa. To a wannan wata mun kawo muku labarin wani abin kiɗa da ake kira teremin, wanda makaɗinsa ba ya taɓa shi ko kaɗan. Ba aikin aljanu ba ne, aikin lantarki ne.

Akwati ne ɗan madaidaici mai ƙarafa biyu, ɗaya a tsaye daga dama, ɗaya a lanƙwashe daga hagu. Idan makaɗi ya matso da hannun dama kusa da na tsayen, sai murya ta siranta ta yi sama. Idan ya sauke hannun hagu kusa da lanƙwasasshen, sai ƙara ta ragu. Dalili kuwa shi ne jikin ɗan Adam yana canza yanayin lantarkin da ke kewaye da ƙarafan. Muryarsa ta yi kama da ta goge, kuma kamar mai goge, kunne ne kaɗai jagoran makaɗin.

Wanda ya ƙago shi wani Barashe ne mai suna Lev Termen, wanda Turawan Yamma ke kira Leon Theremin. A 1920 yana aiki a wata cibiyar binciken kimiyya a birnin Petrograd, yana haɗa na'urar auna iskar gas, sai ya lura ƙarar na'urar tana canzawa duk lokacin da ya matsa hannunsa. Da yake shi ma makaɗi ne tun yana yaro, bai ɗauki abin a matsayin matsala ba, sai ya shiga neman waƙa a cikinsa. A 1922 ya kaɗa wa Lenin, a ƙarshen 1927 ya isa New York, a 1929 kuma kamfanin RCA ya fara ƙera shi don sayarwa.

Kasuwa dai ba ta yi kyau ba, domin tattalin arzikin Amurka ya karye a shekarar, ga shi kuma abin yana da wuyar koyo. Wadda ta fito da darajarsa ita ce Clara Rockmore, gwanar gogen Turawa da ciwon hannu ya raba ta da sana'arta.

Daga nan labari ya juya. A 1938 Termen ya koma Tarayyar Sobiyet, a 1939 aka kama shi aka tura shi sansanin gwale-gwale na Kolyma. Bayan haka aka mayar da shi wani ɗakin bincike na asiri inda fursunoni masana ke yi wa gwamnati aiki. Can ya haɗa wata na'urar satar jin magana wadda ba ta da batir. A 1945 aka ɓoye ta cikin wani tambarin Amurka na katako, aka sa yara suka miƙa wa jakadan Amurka a Mosko a matsayin kyauta. Tana rataye a gidan jakadan har 1952 kafin a gano ta.

Shi kuwa teremin bai mutu ba. Masu fim a Amurka sun riƙa amfani da muryarsa a finafinan ban tsoro, kuma Robert Moog, wanda ya shahara wajen ƙera kayan kiɗa na lantarki, da sayar da teremin ya fara. Termen ya sake ganin New York a 1991, ya rasu a Mosko a 1993 yana da shekara 97.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, basira guda ce ta haifi kiɗan da na'urar leƙen asirin. Da mutumin yake da 'yancinsa ya faranta wa jama'a rai, da aka tsare shi aka juya iliminsa inda masu iko suka ga dama. Muna ta kiran iyaye su sa yara makaranta, kuma ba za mu daina ba. Amma mu haɗa da addu'ar Allah ya sa iliminsu ya faɗa hannun masu adalci.

Sai wani watan, idan Allah ya kai mu.