15 ga Janairu

Ranar 15 ga Janairu ta haifi manyan mutane. A 1918 aka haifi Gamal Abdel Nasser a Iskandariyya, wanda ya mayar da mashigin ruwan Suez hannun Masar a 1956. A 1929 kuma Martin Luther King ya zo duniya a Atlanta, ya rayu yana fafutukar 'yancin baƙaƙen fatar Amurka har aka harbe shi a 1968.

Amma a Najeriya wannan rana ta fi kama da ranar makoki. Da asubahin 15 ga Janairun 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka afka gidan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna, suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu. A Legas aka ɗauke Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya. Firimiyan Yamma Akintola ya faɗi a Ibadan, haka ma Birgediya Zakariya Maimalari a Legas. Daga nan ƙasa ta gangara zuwa yaƙin basasa, wanda ya ƙare, abin mamaki, a irin wannan rana ta 1970, lokacin da Philip Effiong na Biyafara ya miƙa wuya ga shugaban ƙasa Janar Gowon.

Kowace shekara a wannan rana shugabanni na ajiye furanni da sakin tantabaru a Abuja don tunawa da mazan jiya. Wannan bai isa ba. A biya matan sojojin da suka rasu haƙƙoƙinsu ba tare da yawo da hankali ba, a kuma riƙa kai ɗalibai Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, su ga inda abin ya faru da idonsu.