RA'AYINMU: Yakushin Kare Da Kyanwa Ba Abin Rainawa Ba Ne

Duk wanda ya san zaman Kurmi ya san cewa yawancin aikin mutanenmu na dare ne da na asuba. Mai gadi yana kwana a ƙofar gida a Ikko, ɗan garuwa yana fita da kurarsa tun duku-duku a Sabo ta Badun, mahauci kuma yana isa mayankar Oko-Oba da ke Agege kafin gari ya waye. A waɗannan lokuta ne karnuka da kyanwoyin da ba su da masu su suke cika lunguna da bola. Sau da yawa mutum kan dawo masauki da ɗan karce a ƙwauri ko a hannu, ya ga jini bai zuba ba, ya ce ai ba cizo ba ne, yakushi ne kawai. Sai ya wanke wandonsa saboda salla, ya manta da raunin.

Wannan jarida tana jan kunnen jama'a cewa ciwon haukan kare ba ya jiran cizo. Ƙwayar cutar a cikin miyan dabba take, kare da kyanwa kuwa kullum cikin lasar ƙafafunsu suke. Idan farcen da ya jiƙe da wannan miyau ya keta fata, ko dabbar ta lashi tsohon gyambo, hanya ta buɗe. Daga nan ƙwayar za ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Galibi tafiyar kan ɗauki wata 2 zuwa 3, amma takan yi gajarta har mako 1, takan kuma yi tsawo har shekara. Rauni a fuska ko wuya ya fi gaggawa, domin hanyar gajera ce.

A nan ne haɗarin yake ga ɗan ci-rani. Raunin ya warke, mutum yana cin abincinsa, yana aikinsa, har ya tafi gida hutun salla. Can a ƙauye sai zazzaɓi, sai zugi a gurbin tabon, sai ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe, ko iska ta taɓa shi ya firgita. Dangi ba su san da labarin wani kare a Anacha ko Fatakwal ba, sai su ce aljanu ne, ko sammu aka yi masa a Kudu. Alhali da zarar waɗannan alamu sun bayyana, da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi, ko a wane asibiti aka kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kamar kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro kuwa yakan ɓoye yakushi don tsoron duka.

Abin takaici shi ne, maganin ba sabo ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro da allurar rigakafi bayan cizon mahaukacin kare. Matakin farko ma ba ya cin ko kwabo: a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa har minti 15, a sa aidin in akwai, kada a ɗaure, kada a zuba toka ko barkono ko baƙin mai. Sa'an nan a nufi asibiti a ranar. Dattawa suna tuna allurar da ake jerawa a ciki kwana da kwanaki, har wasu suna gudun asibiti saboda ita. An daina wannan. Ta yanzu a dantse ake yi, zuwa 3 ne zuwa 5 cikin wata guda, gwargwadon tsarin da likita ya bi, kuma tilas a cika su. In raunin ya yi zurfi akwai wata da ake yi a bakinsa.

Muna ƙara jawo hankali ga wani kuskure. Mutum ya je kemis, a yi masa allurar tetanus, ya koma da kwanciyar rai. Wannan allura tana da amfaninta, amma ba ruwanta da haukan kare. Haka nan kada a ce dabbar ba ta yi kama da mahaukaciya ba, domin wani karen shiru yake yi, yana dalalar da miyau. Karen gida ana iya tsare shi kwana 10 a ga halinsa, amma na titi wa zai bi shi?

Mun san abin da ke hana mutane zuwa: tsadar allurar, da asarar yinin aiki ga wanda sai ya fita zai ci. Wannan nauyi ne a kan hukuma. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi, cutar takan yanke, kuma muna da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom tun 1924. Ya kamata gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su riƙa yi wa karnuka allura kowace shekara, su kwashe sharar kasuwanni da mayanka, su kuma ajiye allurar mutane a manyan asibitoci da sauƙin kuɗi.

Kafin hukuma ta motsa, muna kira ga Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da shugabannin mahauta da na 'yan dako, kowa ya aika a binciko asibitin da ke da allurar a garinsa, a sanar da sunansa bayan sallar Juma'a, a kuma ware wani abu daga asusun ƙungiya domin wanda abin ya sama ba shi da ko sisi a aljihu.