Tsadar Fetur Da Taɓa Injin Babur A Ƙasar Zuru

Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san cewa babur ba abin ƙawa ba ne a wurin jama'arta. A ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗa masarautar, wato Zuru da Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba, akwai ƙauyuka da yawa waɗanda mota ba ta isa gare su idan damina ta yi nisa, sai dai mai ƙafa biyu. Shi ne ke fito da buhun dawa da masara daga gona zuwa kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, kuma a bayansa malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin rigakafi suke isa wuraren aikinsu. Saboda haka idan muka ce za mu yi sharhi a kan salansa da iyakilina da kafireta, kada mai karatu ya ɗauka hirar rumfar kanikawa ce kawai. Magana ce da ta shafi aljihun talaka da kuma kwanciyar hankalin ƙauye.

Idan ba a manta ba, a ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura naira 500 a yawancin jihohin Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa watan Oktoba na 2024 ta zarce naira 1,000 a wurare da dama. Tun daga lokacin farashin yana hawa yana sauka, amma bai sake kusantar na da ba. A cikin watan Yuni na 2023 ɗin kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, abin da ya sa kayan gyaran da ake shigowa da su daga Indiya da Sin suka yi tashin gwauron zabo. Ɗan kabu-kabu, wanda dole ya cika kuɗin balas kafin ya nemi na cefane, ya tsinci kansa a tsaka mai wuya, don haka ya koma ga bakanike yana neman dabara.

Dabarun da muke gani a rumfunan gyara ba su wuce uku ba. Wani yakan ce a matse masa kafireta don mashin ya rage shan mai. Wani kuma, da ya ji mashin ya yi nauyi a hawan tudu, sai ya ce a cire sosan da ke cikin akwatin iska a jefar, wai don inji ya sami numfashi. Na ukun, wanda galibi matashi ne, shi ne mai fasa cikin salansa ko ya sayo wata mai ƙara ya ɗaura, yana ganin ƙara ita ce ƙarfi. Ba mu ga laifin mai neman sauƙi ba. Abin da muke son nunawa shi ne waɗannan abubuwa uku jiki ɗaya ne, kuma wanda ya taɓa ɗaya ya bar sauran yadda suke, sauƙin da ya samu a gidan mai zai biya shi ninki a ranar sauke inji.

Inji ba fetur kaɗai yake ci ba, iska ce mafi yawan abincinsa. Masana sun auna cewa kafin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya nasa yana bukatar kilo 14.7 na iska. Idan aka mayar da wannan lissafi zuwa ma'aunin da muka saba da shi, kowace lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kimanin lita 9,000. Iskar tana shiga ta iyakilina, wato matatar da ke tace ta, ta wuce kafireta inda ake gauraya ta da mai, ta ƙone a cikin silinda, sannan hayaƙin ya fita ta salansa. Kamfanin da ya ƙera mashin, ko Bajaj ne ko TVS ko Haojue ko Jincheng, ya auna ramukan da mai ke bi a cikin kafireta ne daidai da yawan iskar da wannan matata da wannan salansa za su bari ta wuce. Da zarar an buɗe ƙofar shiga ko ta fita, iska ta ƙaru, man kuwa yana nan yadda yake, sai haɗin ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa.

Haɗin da mai ya yi wa ƙaranci yana sa inji zafi fiye da kima. Wannan shi ne abin da masu babura da yawa ba su sani ba: ɗan rarar man da kamfani ya bari yana shiga lokacin da aka murɗe totur ba ɓarna ba ce, yana taimakawa wajen sanyaya cikin inji. Baburanmu ba su da ruwan sanyaya inji kamar mota, iskar hanya ce kaɗai ke fifita su. To, a ɗauki mashin da aka matse wa mai, a ɗora masa buhu biyu da fasinja, a sa shi hawan duwatsun ƙasar Zuru a giya ta ɗaya ko ta biyu cikin zafin watan Afrilu, lokacin da gudu ya yi kaɗan balle iska ta fifita shi. Bawul ɗin fitar hayaƙi ne kan fara ƙonewa, baƙin mai ya tsinke ya kasa riƙe ƙarfe, wani lokaci ma fistin ya kama a tsakiyar daji.

Cire soso kuwa ya fi duka muni, kuma a nan za mu ɗan dakata. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta baza ta a duk Arewacin Nijeriya. A kan wannan sai a ƙara jar ƙurar hanyoyinmu na karkara, wadda babur na gaba yake tayar wa na baya. A cikin ƙurar akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Mai karatu ya tuna da lita 9,000 ɗin nan: mutumin da ke ƙona lita uku a yini yana tura iska lita 27,000 cikin injinsa, kuma idan babu matata, duk ƙurar da ke ciki tana shiga ta gauraya da baƙin mai ta zama abin wasa wuƙa. Ringi ya cinye, silinda ta yi faɗi, mashin ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, ƙarfin da aka nema ya tafi gaba ɗaya.

Abin ban takaici shi ne mai mashin bai yi kuskure ba da ya ji nauyi. Sosan da ƙura ta toshe yana shaƙe inji, kuma a mashin mai kafireta hakan yana sa ya zuƙi mai fiye da bukata, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi. Ciwon gaskiya ne, maganin ne aka kuskure. Idan matatar ta soso ce, a wanke ta da kananzir ko ruwan sabulu, a matse ba tare da murɗawa ba, a bari ta bushe sarai, a shafa mata ɗan baƙin mai mai tsabta a sake matsewa har ya daina ɗiga, domin man ne ke kama ƙananan ƙura. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta kuma ba a sa mata mai, sai dai a kakkaɓe, in ta gaji a canza. A duba robar da ta haɗa akwatin da kafireta, domin tsagewa kaɗan a wurin daidai take da cire matatar. Adadin kilomitocin da littafin kamfani ya ƙayyade tsakanin wanki da wanki ba a yi shi don hanyar Ribah ko Dirin Daji a cikin hunturu ba, kuma littattafan da kansu sukan ce a yawaita wankin a inda ƙura ta yi yawa.

Game da matse kafireta, akwai wani abin lura. Ƙaramin sukurun da kanikawa suka fi murɗawa yana aiki ne a lokacin da inji ke tsaye yana sulo da kuma farkon murɗa totur. Tsakiyar gudu allura ce ke riƙe da shi, cikakken gudu kuma babban jet. Wato wanda aka murɗa wa sukuru ya tafi yana murna, sau da yawa abin da ya samu shi ne wahalar tayarwa da safe da mutuwar inji a mahaɗar hanya, ba ragin mai na a zo a gani ba. Wanda aka sauke wa allura ko aka sa wa ƙaramin jet, shi kam zai ga ragi, amma shi ne ya shiga haɗarin da muka ambata. Yanayi ma yana da hannu. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, saboda haka mashin da aka saita a bakin gaɓa cikin bazara zai ƙara tsinkewa a safiyar hunturu.

Alƙalin wannan shari'a yana nan a jikin kowane babur, shi ne fulogi. Bayan tafiya mai ɗan nisa, a kashe inji a bari ya huce a kwance fulogin a duba bakinsa. Idan launinsa ƙasa-ƙasa ne mai haske, kamar gyaɗar da aka soya daidai, haɗin ya yi. Idan baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa ko matata ta toshe. Idan kuwa fari ne fat kamar alli, inji yana ƙonewa da yunwar mai, kuma a gaggauta komawa wurin gyara. Harbin da salansa ke yi idan an saki totur, da bututun da ya rine ya koma shuɗi kusa da inji, su ma shaidu ne.

A Amurka da Turai, inda canza salansa ya zama sana'a mai zaman kanta, masu abin sun san cewa ba a sauya salansa da matata a tsaya nan. Sai an sake jet, ko kuma, a sababbin baburan da kwamfuta ke auna musu mai, a sake tsara kwamfutar, a gwada a kan na'ura. Indiya ma, inda ake ƙera Boxer, ta tsaurara dokar hayaƙi a watan Afrilu na 2020, abin da ya sa kamfanoninta suka koma ga auna mai da lantarki a baburan da suke sayarwa a gida. Irin waɗannan za su ci gaba da shigowa kasuwanninmu, kuma ba a saita su da kunne da sukundireba. Su waɗancan mutane kuwa manyan injuna suke taɓawa, don nishaɗi, kuma suna ƙara mai ne ba ragewa ba. Ƙaramin inji mai sisi 100 ko 125 ba shi da wani ɓoyayyen ƙarfi da fasa salansa zai fito da shi. Tsawon bututun da faɗinsa an auna su ne don su taimaka wa inji ya ja kaya a ƙaramin gudu, wanda shi ne ainihin aikin babur a ƙauye.

Sai batun ƙara, wanda a ƙasar Zuru ya wuce batun damun barci. Jama'ar wannan yanki sun sha wuya a hannun 'yan bindiga masu zuwa a kan babura, kuma har yanzu ba a manta da sace ɗalibai mata a makarantar sakandaren Maga a watan Nuwamba na 2025 ba. A irin wannan hali, kunnen mutumin ƙauye ya koyi sauraren inji cikin dare, yana ƙiyasta ko ɗaya ne ko ayari. Matashin da ya fasa salansa ya ratsa gari bayan isha'i yana iya tayar da mata da yara su nufi daji, yana kuma iya jefa kansa cikin haɗari a shingen masu tsaro. Mun kuma ga yadda hukuma kan yi idan babur ya zama abin zargi: Kano ta hana acaɓa a watan Janairu na 2013, sannan a watan Mayu na 2019 rundunar soja ta hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai, ciki har da Kebbi. Duk lokacin da irin wannan doka ta zo, manomi da ɗan kabu-kabu na ƙwarai ne ke fara ɗanɗana kuɗarta. Shi kansa mai tuƙin, masana lafiya sun yi gargaɗi cewa ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85, idan ana shan ta sa'o'i takwas kullum, tana cinye ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Doka ba ta yi shiru ba. Ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa sun wajabta wa abin hawa salansa mai aiki, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ta fitar da ƙa'idojin hana ƙara a 2009 da na hayaƙin ababen hawa a 2011, ga kuma jami'an VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗurra. Sai dai a ganinmu kame da tara ba za su kai ko'ina ba a ƙauyen da jami'i ba ya zuwa sai ranar kasuwa. Inda maganar za ta shiga shi ne bakin shugabannin ƙungiyar 'yan kabu-kabu, waɗanda ke iya hana mai fasasshiyar salansa layi a tasha, da iyayen gidan kanikawa waɗanda yaransu ke koyon aiki a hannunsu, da hakimai da dagatai. Ƙananan hukumomi kuma suna da nasu baburan a sassan lafiya da gona da ilimi. Ya kamata daraktocin waɗannan sassa su fara daga gida, su sa a buɗe akwatin iskar kowane babur na hukuma a farkon watan Nuwamba, a duba fulogi, a rubuta ranar a littafi, sannan a gayyaci kanikawan garin su ga yadda aka yi kafin ƙurar hunturu ta sauka.